Manhajojin tsara hanya ga mai raba kaya shago-shago a Kano: waɗanda na gwada da wadda na zauna a kai

Sana'ata rarraba kayan masarufi ce. Ina saro taliya da sabulu da madara da sukari da man girki a kasuwar Singa, in kai wa masu shaguna a cikin unguwanni, kuma a rana ɗaya motata takan tsaya a wurare 15 zuwa 18, tun daga Kurna da Rijiyar Lemo a kan titin Katsina har zuwa Hotoro da Mariri a kan titin Maiduguri. Na shafe shekaru ban damu da wane shago za a fara da shi ko wane za a ƙare da shi ba, domin direba ne yake yanke wannan a ransa, kuma a lokacin kuɗin mai bai kai ya sa mutum ya riƙa lissafin kwana da juyi ba. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafin fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Ribar katan ɗin taliya ba ta tashi da irin wannan gudun ba. A nan ne na fara zama da daddare ina duba littafin direba, sai na ga sau da yawa motar tana ratsa Kabuga sau uku a wuni guda, ba don sakaci ba, sai don ana bin shaguna ne bisa jerin waɗanda suka fara bugo waya.

Abin da na fara fahimta, kuma da na gane shi da wuri da ban ɓata makonni ba, shi ne cewa aiki biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Akwai nuna hanya, wato a ce maka bi nan, karya dama, haura gadar sama, har ka isa wuri guda. Akwai kuma tsara jeri, wato a ɗauki zango 18 a ce wannan ne na farko, wancan ne na biyu, ta yadda tafiyar baki ɗaya za ta fi gajarta. Mafi yawan manhajojin da ke cikin wayoyinmu gwanaye ne a aiki na farko, amma ba sa taɓa na biyun, alhali a na biyun ne man fetur yake zurarewa.

Google Maps ce kowa yake fara ɗauka, ni ma da ita na fara. A fannin nuna hanya ban ga wadda ta kai ta ba a Kano: ta san manyan tituna da gadojin sama da na ƙasa, tana nuna cunkoso da jan layi a kan taswira, kuma tun 2019 kamfanin ya ƙara mata tsarin tafiya a babur a Najeriya tare da murya mai karin harshen 'yan ƙasa. Ana iya sauke taswirar gari a ajiye a waya, ta ci gaba da ja-gora ko da data ta ƙare, sai dai a wannan hali ba za ta nuna cunkoso ba. Amma tana da iyaka biyu da suka shafi mai sana'a irin tawa kai tsaye. Ta farko, tafiya ɗaya ba ta ɗaukar fiye da wurare 10, har da inda aka tashi, wato zango 9 ke nan. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, ba ta sake jera wuraren da kanta; yadda ka shigar da su haka za ta bi su, sai dai kai ka riƙa jan wannan sama kana tura wancan ƙasa da yatsa kana kallon yadda mintuna suke raguwa ko ƙaruwa. Ga mai zuwa wurare huɗu ko biyar, misali wanda zai kai katin ɗaurin aure gidajen dangi, wannan ya wadatar, kuma ba na ba shi shawarar ya nemi wata. Ga mai zango 18, dole ya raba tafiyar gida biyu, sannan ya yi jerin da kansa.

Wani zai ce mene ne wahala a jera shaguna, tunda mutum ya san gari. Lissafin ne yake da ban mamaki. Shaguna 10 kacal ana iya jera su ta hanyoyi 3,628,800, idan kuwa suka kai 15, adadin ya haura tiriliyan ɗaya da biliyan 300. Masana lissafi sun daɗe da sanin wannan matsala, suna kiranta matsalar ɗan kasuwa mai yawo gari-gari. A 1954 George Dantzig da abokan aikinsa biyu a Amurka suka warware ta ga birane 49, abin da aka ɗauka babbar nasara a lokacin, a 1959 kuma shi da John Ramser suka rubuta a kan yadda za a tsara motocin da ke kai fetur daga babban ma'aji zuwa gidajen mai, wanda shi ne ainihin irin aikin da muke yi da katan-katan. Kamfanin kai saƙo na UPS ya gina wa kansa tsari mai suna ORION, ya kuma ce yana rage masa tafiyar kusan mil miliyan 100 a shekara, kuma an san motocinsa da guje wa karyawa hagu gwargwadon iko saboda jiran da take jawowa. Mu ma tun 1972 a hannun dama muke tuƙi, don haka karyawa hagu ita ce mai tsallaka motocin da ke tahowa a wurinmu. Direba mai hankali yakan samo jeri mai kyau da ƙwaƙwalwarsa, amma idan wurare suka yi yawa, kuma kullum suna canzawa, na'ura ta fi shi saurin gano inda aka yi zagaye ba dalili.

Waze, manhajar nuna hanya da Google ya saya a 2013, ba ta dace da wannan aiki ba, domin zango ɗaya tak take bari a ƙara a tsakanin tashi da isa, kuma ƙarfinta ya dogara ne da yawan direbobin da ke aika mata rahoton hanya. Taswirar Apple ta fara karɓar zango har 15 a 2022, amma direbobinmu Android suke riƙewa, saboda haka ban daɗe a kanta ba.

Wadda ta fara yi mini ainihin aikin da nake nema ita ce RouteXL, ta wani kamfani a ƙasar Holan. A shafin intanet ake amfani da ita, ba sai an sauke komai ba, kuma tana tsara wurare har 20 a tafiya ɗaya kyauta, wanda ya yi daidai da girman harkata. Mutum zai zuba wuraren, ya nuna inda za a tashi da inda za a ƙare, ya danna, cikin ɗan lokaci ta fito da jeri mai lamba ɗaya, biyu, uku a kan taswira tare da kiyasin lokacin isa kowane wuri. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya faɗa mata minti nawa za a ɗauka a kowane zango, da kuma lokacin da bai kamata a isa wani wuri kafinsa ko bayansa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin akwai mai shago a Sheka da ba ya buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi, akwai wani a Dorayi da ba a samun maigidan sai bayan azahar, yaransa kuma ba sa biyan kuɗin kayan baya, don haka zuwa da safe asarar tafiya ce. Sauke buhu 10 na sukari ba ɗaya ba ne da miƙa katan biyu na sabulu ta taga, kuma idan ba a gaya wa manhaja wannan ba, lokutan da za ta bayar ba za su yi kusa da gaskiya ba. Rauninta a ganina shi ne fuskarta ta fi daɗin aiki a kwamfuta fiye da ƙaramar waya, kuma sai da data take aiki, saboda haka ni nake tsara jerin da daddare in tura wa direba, ba shi yake fama da ita a kan hanya ba.

Circuit kuwa an yi ta ne domin direban da ke riƙe da waya a hannu. Ana shigar da wurare ta rubutu ko ta murya, ta jera su, sannan ta miƙa kowane zango ga Google Maps ko Waze domin ja-gora, idan an sauke kaya a danna alamar an gama, ta wuce na gaba. Ana iya rubuta ɗan bayani a ƙarƙashin kowane wuri, kamar a karɓo cikon kuɗin makon jiya, ana kuma iya sa wa wani zango alamar gaggawa. Idan wani mai shago ya bugo waya da rana tsaka yana neman kaya, ana ƙara shi a sake jera sauran wuraren nan take, abin da ba shi da sauƙi a tsarin da aka gama tun daren jiya. Direbana ya fi son ta a kan duk sauran. Matsalar ita ce a lokacin da na gwada ta zango 10 ne iyakar na kyauta, abin da ya wuce haka sai an biya kuɗin wata-wata, kuma irin waɗannan kuɗaɗe da dala ake ƙiyasta su. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, saboda haka kuɗin da direba a Ingila zai ɗauka ba komai ba, a nan sai an auna shi da litocin man da za a rage. Mai mota ɗaya da ke fita kwana uku a mako zai yi wuya ya mayar da kuɗinsa, amma mai fita kullum da zango 30 ko 40, kamar masu raba burodi ko ruwan leda, ina ganin zai mayar har da riba. Su Route4Me da OptimoRoute na kamfanoni ne masu motoci da yawa da ma'aikacin ofis da ke raba musu aiki, sun fi ƙarfin buƙatata, don haka dubawa kawai na yi na wuce.

Duk wannan bayani bai taɓo babbar matsalar ba tukuna, wato adireshi. Waɗannan manhajoji an gina su ne a ƙasashen da kowane gida yake da lamba, kowane titi yake da suna a rubuce, da lambar gidan waya da ke nuna unguwa. Mu kuwa kwatance muke yi: bayan masallacin Juma'a, layin mai nika, shago na uku mai koren ƙyaure, kusa da taransifoma. Babu manhajar da za ta fahimci wannan. Idan ka rubuta mata Rijiyar Zaki, za ta dasa alama a tsakiyar unguwar, alhali shagon yana can ciki da nisan da ya kai a sake hawa babur. A makon farko na yi wannan kuskuren na zuba sunayen unguwanni kawai, jerin da ya fito ya yi kyau a ido, amma a ƙasa bai yi amfani ba, domin shaguna biyu da taswira ta nuna suna maƙwabtaka ashe babban titi mai shinge a tsakiya ne ya raba su, sai an tafi can gaba an juyo.

Maganin da na samu ba ya buƙatar ko kwabo, sai haƙuri na mako biyu. Na sa yaron mota, duk shagon da aka tsaya, ya tsaya daidai bakin ƙofa ya danna yatsa ya riƙe a kan taswirar Google har alama ta fito, ya kwafi lambobin wurin ya turo mini ta WhatsApp tare da sunan mai shagon. Wasu masu shagunan da kansu suka turo mini inda suke ta WhatsApp da na nuna musu yadda ake yi. Na tattara duka a jadawalin Excel: suna, lambobin wuri, lokacin buɗewa, da gefen titin da shagon yake. Akwai kuma gajerun lambobin da ake kira Plus Codes, waɗanda Google ya fito da su a 2014 musamman domin wuraren da ba su da adireshi. Haruffa ne da lambobi kaɗan da ke nuna fili mai faɗin kusan mita 14, sun fi sauƙin karantawa a waya ko rubutawa a bayan rasit fiye da dogayen lambobi masu ɗigo. Tun da na koma zuba lambobin wuri maimakon sunayen unguwanni, jerin da manhaja take bayarwa ya zama abin dogaro. Wannan jadawali shi ne dukiyar, domin nawa ne, kuma duk manhajar da na koma gobe da shi zan tafi. Ina ba duk mai wannan sana'a shawara ya fara da shi kafin ya biya kowa kuɗi.

Ko da lambobin sun yi daidai, akwai abubuwan da taswira ba ta sani ba game da Kano. Wata rana a watan Agusta, bayan ruwan dare, ɗaya daga cikin manhajojin da nake gwadawa ta ga wata gajeriyar hanya a cikin unguwa ta tura motar ciki, ni kuma ina zaune a gaba na ce a bi. Direba ya rage gudu ya dube ni ya ce, "Alhaji, layin nan ba ya ɓullewa da mota idan an yi ruwa, akwai kwata a tsakiya." Na ce masa, "Malam, mu gwada, tunda ta nuna." Ba mu yi nisa ba ƙafar baya ta nutse a taɓo da buhunan sukari a kanta, sai da muka sauke rabin lodin a kan dakalin wani gida, matasan layin suka taya mu turawa, muka mayar da kayan, muka fito da baya. Fiye da awa ɗaya ta tafi a wurin da aka yi niyyar rage minti shida. Tun daga ranar na kafa doka cewa jeri na manhaja ne, amma zaɓin layin da za a bi na direba ne, kuma idan ya ce a'a, maganarsa ce a sama.

Irin wannan sani yana da yawa, kuma duk a kan direba yake. Ya san cewa ranar Juma'a daga wajen ƙarfe 12 da rabi titunan da ke gaban manyan masallatai sukan rufe da sahu, ya san Asabar ɗin ƙarshen wata ba a fita sai ƙarfe 10 saboda tsaftar muhalli, ya san lokacin da Kantin Kwari da Sabon Gari suke cushewa da 'yan dako da Adaidaita Sahu, da lungunan cikin Birni da ko kurar ruwa da ƙyar take wucewa, da inda tsayawa sauke kaya zai jawo magana da jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano. Manhajojin tsara jeri suna yin lissafinsu ne da kiyasin gudu, ba su da labarin ɗaurin auren da ya tare layi ko tirelar da ta lalace a shataletale. Abin da nake yi shi ne idan jeri ya fito, in karanta wa direba shi da safe kafin a fara lodi, ya gyara wuri ɗaya ko biyu, kuma kusan kullum gyaransa yana da dalili. Haka nan nakan tilasta wa manhajar ta fara da masu kaya masu nauyi idan bambancin tafiyar kaɗan ne, saboda motar da ta sauke buhuna da wuri ta fi ƙarancin shan mai, ta fi kuma tausaya wa tayoyi.

Wani amfani da ban yi tsammani ba ya fito ne a wajen lodi. Tunda an san jerin tun kafin a tashi, sai a fara loda kayan shagon ƙarshe can ciki, na shagon farko kuma a bakin ƙofa. A da yaron mota yakan fito da katan takwas ya ajiye a ƙasa domin ya ciro biyu da ke ƙarƙashi, sannan ya mayar, a kowane zango. Yanzu buɗewa yake ya ɗauka ya rufe. Katan-katan sun daina yagewa, ƙorafin masu shaguna a kan kwalin da ya lotse ya ragu.

Ga masu fita wajen gari, zuwa Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis, inda ake tsayawa ƙauyuka a hanya kuma sabis yake ɗaukewa, OsmAnd ta cancanci a ajiye ta a waya. Tana amfani da taswirar OpenStreetMap, wadda masu sa kai suke zanawa tun 2004, ana sauke taswirar a ajiye, kuma tana ja-gora ba tare da data ba, domin na'urar gano wuri da ke cikin waya daga tauraron ɗan'adam take karɓar sigina, ba daga kamfanin layi ba. Tana ma da zaɓin jera wuraren tsayawa ƙofa bayan ƙofa. Sai dai tana da maɓallai da yawa da ke rikita sabon shiga, kuma sunayen shaguna da wuraren kasuwanci ba su kai na Google yawa a cikinta ba. Game da tafiyar wajen gari akwai abin da ya fi mai muhimmanci: babu ɗaya daga cikin manhajojin nan da ta san hanyar da ba a bi bayan la'asar saboda tsaro, wannan labari a tasha ake samunsa wurin direbobin da suka biyo ta da safe, kuma gajartar hanya ba ta isa dalilin bin ta ba.

Bayan duk gwaje-gwajen, tsarin da na zauna a kai bai ci mini kuɗin wata ba. Bayan sallar isha'i nakan buɗe jadawalina in zaɓo shagunan da suka yi odar gobe, in zuba lambobinsu a RouteXL, in sa lokutan waɗanda ba a samu sai da rana, in karɓi jerin in rubuta shi a takarda da kuma WhatsApp. Da safe direba ya duba ya gyara, a yi lodi daga ƙarshe zuwa farko, a kan hanya kuma Google Maps ce take nuna cunkoso daga zango zuwa zango, da cajar mota a jone domin allon da ke kunne wuni guda yana cinye batir. Ranar da oda ta haura wurare 20 nakan raba gari biyu, ɓangaren titin Katsina da Kabuga da safe, ɓangaren titin Zariya da Hotoro da Yankaba da yamma, kowanne da jerinsa. Idan Allah ya ƙara buɗi na sayi mota ta biyu, a lokacin zan sake duba Circuit da kuɗinta, domin direba biyu da oda mai shigowa da rana sun fi ƙarfin takardar da aka rubuta da daddare. A yanzu dai motar da a da take dawowa sito bayan magariba tana shigowa ne ana kiran la'asar, kuma ba ta ratsa Kabuga sai sau ɗaya.